Bayan Gidan Maman Obi

Duk shekara sai an turo mini ɗalibai su koyi aiki a ɗan ɗakin gwajina na Samaru, kuma duk shekara waƙar ɗaya ce. Yaro zai shigo da farar riga sabuwa fil, ya leƙa madubin gwaji sau ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Mummy, ai wannan very simple ne. A ɗiga, a rufe, a duba." Ni dai ba na musu da kowa. Sai in ce to madalla, in miƙa masa kwalbar farko ta ranar. Da ya buɗe murfin, sai ka ga ya fara neman inda taga take.

Sunana Rifkatu, kuma sana'ata gwajin bayan gida. Ina duba jini, ina duba fitsari, amma abin da aka san ni da shi daga Samaru har Sabon Gari shi ne neman ƙwan tsutsa a cikin kashin yara 'yan firamare. A wurin biki in aka tambaye ni aikina ana cikin cin shinkafa, nakan ce a bari a gama tukuna. Wanda ya matsa kuwa, in faɗa masa, ya ajiye cokali don kansa.

A hannun Baba Ajayi na koya, wani dattijon Bayarabe mai ɗakin gwaji a saman bene a unguwar PZ ta Sabon Gari, sama da shagon masu sayar da kayan mota. Baba ya tsufa a Zariya, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda cewa mace "ke" ce ba. "Rifkatu, kai, zo ka wanke gilas!" Haka na sha kira, kuma wankin gilashin na yi ta yi watanni kafin ya bar ni na taɓa madubi. Su ne 'yan siraran gilasan nan da ake shafa abin gwaji a kai. A wanke da sabulu, a ɗauraye, a tafasa, a goge da tsumma mai laushi, a ɗaga wa haske. In ya ga tabon yatsa ɗaya, duk tiren zai mayar cikin ruwa. Na yi ta ƙunƙuni a raina, ina cewa da wanke-wanke nake so ai da na zauna a gidanmu.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ɗalibai ke raina su. Tsinke, ruwan gishiri, aidin, gilashi da ɗan murfinsa mai kaurin ɓawon albasa, sai madubin kansa. Na Baba tsoho ne, ba ya amfani da lantarki. Wani ɗan madubi ne a ƙasansa da ake juyawa ya kamo hasken rana daga taga, saboda haka teburinmu yakan bi rana kamar mai shanya. Gwanintar tana cikin tsinken. Ka ɗebo da yawa, gilashi ya yi duhu, ba ka ganin komai. Ka ɗebo kaɗan, ka sallami yaro da cewa lafiyarsa ƙalau alhali cikinsa kasuwa ce ke ci. Baba yakan ce a dama shi har sai in an ɗora gilashin a kan jarida ana iya karanta rubutun ta cikinsa.

Ƙwan farko da na gano, ban manta shi ba. Zagayayye, mai baƙin baki, kyakkyawa. Na yi tsalle na kira Baba, har masu kayan mota suka ji. Ya zo ya sa ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ƙwai naka, iska ne ya haife shi." Kumfa ce ta shiga ƙarƙashin murfi. Daga baya na kama ɓawon wake na ce tsutsa ce, na kama garin rogo na ce ƙwai ne. Sai da ido ya gaji da kunya sannan ya fara rarrabewa. Ƙwan macijin ciki, doguwar tsutsar nan da ke fita wa yara, yana da kauri da ƙuraje a jiki. Akwai wani mai kama da ganga, da toshi a kowane baki. Akwai kuma na tsutsa mai shan jini, fes da shi, siririn ɓawo, wanda in ka yi gaggawa za ka wuce shi. Ita wannan ba ta baki take shiga ba, ta tafin ƙafa take bi in yaro ya taka ƙasar da aka ɓata.

Masu kawo mana aiki kuwa, littafi guda ne. A lokacin ba kowa ke samun kwalba ba, a kwalin ashana ake kawowa, an naɗe da leda, an sake naɗewa, an saka cikin jaka, ana miƙowa ana kallon silin. Wata uwa ta kawo na ɗanta bayan ya kwana ya wuni a kan katanga, ta ce ta bari ya bushe ne don kada ya dame mu da wari. Wani magidanci daga Basawa ya kawo kwali ɗaya ya ce na 'ya'yansa huɗu ne.

Na ce, "Malam, na wanne ne a ciki?"

Ya ce, "Na babban. Ai tukunya ɗaya suke ci, ki rubuta musu duka."

Kusan kowace uwa kuma da hukuncinta take zuwa: alewa ce. Yaro ya rame, ciki ya yi tulu, ido ya yi fari, yana susar baya, yana gyangyaɗi a aji, sai a ce ai shan zaƙi ne ya tara masa tsutsa. Na gaji da faɗa cewa alewa haƙori take ci. Tsutsa daga ƙasa take, da hannun da ba a wanke ba, da ƙafar da ba takalmi. Sai a ce mini to, a fita, a ƙwace wa yaro alewarsa a bakin ƙofa.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda damina ta yi ƙarfi har kwatocin Sabon Gari suka riƙa shiga ɗakuna. Ga hadari kullum, madubinmu ba rana, sai mu zauna muna jiran gari ya washe. Ga shi a lokacin kowane kemis ya cika da maganin tsutsa, mutane suka ga ba dalilin hawa bene su sha kunya tunda ana iya haɗiye ƙwaya a wuce wurin. Baba ya fara zancen rufe wurin ya koma garinsu. Ana cikin haka ne Malama Ladi ta hawo benenmu tana haki. Ita ce shugabar wata firamare mai zaman kanta a hanyar Basawa.

Abin da ya faru shi ne, wani yaro ɗan aji uku ya yi amai ana tsakiyar darasi, sai ga macijin ciki yana motsi a kan siminti. Aji ya watse da ihu. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, tsutsar tana ƙara tsawo daga gida zuwa gida. Iyaye suka taru, shugabansu kuma wani tsohon soja ne, Saje Bitrus, mutum mai murya kamar yana ba da umarni a fareti ko da gaisuwa yake yi. Saje ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma shi ya san inda tsamin yake: teburin Maman Obi.

Maman Obi Inyamura ce, gwauruwa, mai sayar da alala da shinkafa da wake a bakin ƙofar makarantar. Gidan da take haya yana manne da katangar makarantar ta baya. Ɗanta Obi ya tafi neman aiki kudu, ya aiko mata da 'yarsa Ngozi, ƙaramar yarinya da ba ta daɗe da zuwa Zariya ba, aka sa ta aji ɗaya. Wannan teburin shi ne abincinsu, shi ne hayarsu, shi ne makarantar Ngozi. Iyaye suka ce a kore ta. Malama Ladi ta roƙa a bari a gwada yaran tukuna, amma ta ce wa Maman Obi ta ɗauke teburinta har sai an ji sakamako. In aka tabbatar daga abincinta ne, ta tafi ke nan.

Muka kai kwalabe, kowace da sunan yaro. Malama Ladi mace ce mai kunya, 'yar gidan fasto, ba za ta iya tsayawa gaban makaranta ta ce "kashi" ba. Sai ta ce, "Yara, gobe da safe kowa ya ɗebo bayan gidansa kaɗan a wannan kwalba ya kawo." Yara suka ce, "To, Malama!" suna ta ƙyaƙyata dariya.

Washegari kwalabe suka cika teburinmu. Allah ya taimaka rana ta fito, muka duƙufa ni da Baba. Abin ba daɗin gani. Gilashi bayan gilashi, ga ƙwan macijin ciki, ga mai kama da ganga, ga na mai shan jini. Wanda ya fita fes a cikinsu sai an tona. Ina cikin haka na buɗe wata kwalba, na ji ba wari. Na karkata ta, sai ga ƙasa, baƙa-baƙa, mai danshi, da ɗan toka a ciki. Sunan da ke jiki: Ngozi.

Na ɗauka iyashege ne, na je makarantar na sa aka kira ta. Ta zo da 'yan kitsonta biyu, ta tsaya ƙyam.

Na ce, "Ngozi, me aka ce ki kawo?"

Ta ce, "Bayan gida."

"To me kika kawo?"

Ta dube ni kamar ni ce ba na jin Hausa. Ta nuna bayanta da yatsa ta ce, "Baya." Ta haɗa hannu biyu kamar rufi ta ce, "Gida. Na je bayan gida namu, na ɗebo kaɗan."

Malama Ladi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ni kam dariya na yi har da hawaye. Yarinya ta koyi kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su daidai, mu ne muka karkatar da su saboda kunya. Na ba ta sabuwar kwalba, na faɗa mata sunan abin ƙarara, ta ce, "Eh-hen! Ka ce haka mana."

Da na koma na ba Baba labari, na ɗauki kwalbar ƙasar zan zubar. Ya riƙe hannuna. "Kai, an kawo maka abu, ka duba shi." A ranar ya nuna mini dabarar da har yau nake koya wa ɗalibai. Aka jiƙa ƙasar, aka tace da tsumma, aka bar ta ta kwanta. Aka zubar da ruwan sama, aka zuba ruwan gishiri mai kauri, irin wanda gishirin ya ƙi narkewa don yawa, har ya cika kwalba ya yi tozo a baki. Aka ɗora murfin gilashi a kai aka jira. Ƙasa nauyi gare ta, tana nutsewa. Ƙwan tsutsa kuwa tasowa yake ya manne a gilashi. Da na sa ido, sai na daina dariya. Ban taɓa ganin ƙwai da yawa haka a gilashi ɗaya ba, kuma irin na cikin mutane ne.

Tsoro ya kama ni, ba don kaina ba. Na san yadda maganar za ta faɗa a kunnen Saje: an sami ƙwan tsutsa a bayan gidan mai abinci. Na ce wa Baba ko mu yi shiru, tunda ba wanda ya sa mu gwada ƙasa. Ya ce yara na wasa a wurin ko ba sa yi? Na ce ban sani ba. Ya ce to wanda ya gani ya yi shiru, shi da tsutsar sana'arsu ɗaya.

Aka kira taron iyaye da safe a wani aji, manya sun takure a kan bencin yara. Maman Obi na zaune a baya ita kaɗai, ta sha ɗaurin zani na zuwa coci. Na tashi na yi bayani. Na ce yawancin yaran na da tsutsa, kuma akwai magani, ba abin tashin hankali ba ne. Na ce da yawansu na ɗauke da irin wadda ke shiga ta ƙafa, wadda ba ruwanta da alala. Wannan maganar ko a jikinsu. Da na zo kan ƙasar Ngozi kuwa, sai aji ya ɗauki guna-guni.

Saje ya miƙe, benci ya yi ƙara. "Shi ke nan! Magana ta ƙare. Likita ta faɗa da bakinta. A bayan gidanta! Inda take dafa wa 'ya'yanmu abinci!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ce, kuma ban ce daga abincinta ba ne."

Ya ce, "Ƙanwata, kin yi naki, zauna. Gani ya kori ji. Kowa ya tashi, yanzu za mu je mu ga ƙazantar da idonmu."

Maman Obi ta tashi da sauri. "Oga Saje, don Allah, ba yanzu ba. Bari sai yamma."

Wannan roƙon ya ƙarasa ta. Har ni sai da na ce a raina lallai akwai abin da take ɓoyewa. Saje ya shige gaba, iyaye suka bi shi ɗuu, muka zagaya ta titi muka shiga gidan.

Madafarta tsaf take. An share, an kife tukwane a kan benci, ganyen alala a wanke cikin roba da murfi. Mata suka leƙa nan, suka leƙa can, ba su ga abin kushewa ba. Saje ya ce ba nan ba, baya aka ce. Muka bi wani ɗan lungu muka fita bayan ɗakunan. Wani siririn fili ne tsakanin ginin da katangar makaranta, an barbaɗe shi da toka fari fat. A gefe ga shebur, ga tsohuwar buta cike da ruwa, ga guntun sabulu a kan bulo. Katangar kuwa ruwan damina ya cinye gindinta, ta ɓule daidai shigar yaro.

Muna tsaye muna kallon ramin, sai aka kaɗa ƙararrawar hutun tara a makaranta.

Ba a jima ba sai ga kai ya leƙo. Yaro ya rarrafo ta ramin, ƙafa ba takalmi, don a can ciki suke cire su kada su ɓaci Malama ta gane. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wannan. Saboda muna ta bakin lungu, ba su lura da mu ba. Na farkon ya zame gajeren wandonsa ya tsuguna a kan toka hankali kwance, kamar wanda ya saba. Sai da ya daidaita sannan ya ɗago ido, ya ga taron iyaye, ya ga wanda ke gabansu.

Ya ce, "Baba, ina kwana."

Autan Saje ne.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, ko da yake an rama daga baya. Malama Ladi ce ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa. Ashe tun farkon damina masan makarantar ya rufta, ta sa kwaɗo ta kulle don kada yaro ya faɗa, ta kai maganar gyara gaban iyaye aka ce a bari ruwa ya ɗauke. Yara kuma aka ce kowa ya riƙe har ya koma gida. Ita a zatonta riƙewar suke yi.

Saje ya juya ga Maman Obi. Muryar faretin ta tafi. "Madam, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ruwa ya fara. Kullum yamma ina kwashe, ina zuba toka. Na sa buta, na sa sabulu. Wani yana wanke hannu, wani yana gudu."

"To don me ba ki faɗa ba? Ana shirin korar ki, kina zaune kin yi shiru!"

Ta gyara ɗaurin zaninta. "In na faɗa, za ku toshe rami, ku bulala yara. Yaro ƙarami, ciki ya murɗa shi, ina za shi? Shi yi a wando, 'yan aji su yi masa dariya?"

Na ji kunya ta rufe ni, ni da na yi zaton ƙazanta take ɓoyewa. Na kuma gaya mata gaskiya a wurin, cewa toka na kashe wari amma ba ta gama da ƙwan tsutsa, kuma ita da Ngozi ma sai sun sha magani. Ta ce to, ba ta sani ba.

Aka ba makarantar magani gaba ɗaya, har malamai. Saje bai jira ɗaukewar ruwa ba. Ya tattaro tsofaffin abokan aikinsa daga barikin Basawa, suka haƙa sabon masai, suka kankare ƙasar lungun suka zuba siminti, sannan suka toshe katangar. Mu ma muka samu, don wasu makarantun da suka ji labari sun riƙa aiko mana da kwalabe, Baba ya daina zancen komawa gida.

Amma tsugunne ba ta ƙare wa Maman Obi ba. Ta mayar da teburinta bakin ƙofa, sai dai iyaye sun riga sun ja wa yara kunne, kuma ba a sauke tsoro da sanarwa. Ranar da na je karɓar kwalaben gwaji na biyu, na same ta zaune, alala ta huce a cikin kula, yara na wucewa suna satar kallo. Ta ce mini in haka ta ci gaba, za ta mayar da Ngozi ƙauye.

Muna cikin magana sai ga Saje ya kawo autansa a kan babur, a daidai lokacin da iyaye suka fi yawa a ƙofar. Ya kafe babur, ya tako har gaban teburin, ya buɗe muryar nan tasa yadda har masu shago a tsallaken titi sai da suka juyo.

"Madam! Ba ni alala biyu, da yaji. A nan zan ci!"

Iyaye suka tsaya cak. Yara suka fara matsowa. Maman Obi ta buɗe kula, ta zaro alala biyu ta ɗora a faranti. Saje ya miƙo hannu zai ɗauka, sai ta janye farantin, ta tura masa buta da sabulu.

"Oga Saje, wanke hannu tukuna."